Batirin mota na mutuwa tana ajiye: Yadda ake gano abin da ke shan wutar kafin a sayi sabo

Batir biyu na saya cikin wata takwas kafin na yarda cewa matsalar motata ba ta batir ba ce. Na farkon ya mutu ne wata safiyar Asabar, bayan motar ta kwana biyar a ƙofar gida ba a taɓa ta ba. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai nake ji, fitilun gaban direba suna lumshewa kamar mai jin barci. Mai sayar da batir bai ɓata lokaci ba, ya ce wanda ke ciki ya tsufa. Na biya, aka sa sabo. Bayan 'yan watanni aka tura mu aiki wata jiha, na bar motar a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, na dawo daren Juma'a a gajiye, sai ga ƙas-ƙas ɗin nan ya sake tarbata. A wannan karon ma aka ce jabu aka sayar mini, na sake biya.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurin ma'aikatan Abuja. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da dama da ke zaune a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba suka rage fita da mota. Wasu sun koma motar haya ko bas ɗin ofis, wasu suna haɗa kuɗin mai su shiga mota ɗaya, tasu kuma ta zauna daga Litinin zuwa Juma'a. Hadiman manya kuwa dama tafiya ba ta yi musu sallama. Oga na cewa a tashi, sai a bar mota a Sakatariya ko a tashar jirgin ƙasa ta Idu, ba a san ranar dawowa ba. Motar da ake hawa kullum tana iya ɓoye laifinta shekara da shekaru, domin abin da ya zube da dare ana mayar da shi da rana. Sai ta fara kwana uku, kwana huɗu a tsaye asirinta ke tonuwa.

Batir dai kamar randa yake. Idan ka wayi gari ka tarar babu ruwa a ciki, ɗaya daga cikin uku ne: ko randar ta tsage, ko ba a cika ta ba tun farko, ko kuma akwai mai zuwa yana ɗiba cikin dare. Kowane ɗaya da maganinsa daban, kuma sayen sabuwar randa yana maganin na farko ne kaɗai. Yawancinmu, har da wasu masu gyaran, a nan muke tsayawa, mu bar jaki muna dukan taiki.

A fara wanke batir da altaneta daga zargi

Kayan aikin da ake buƙata ba wani mai tsada ba ne. Ƙaramar mita ce ta awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke riƙewa, mai waya ja da baƙa. Duk mai gyaran wayar mota da ya amsa sunansa, wanda a gareji ake kira rewaya, ya kamata a same shi da ita. Idan ka je wurin wanda ba shi da komai sai ƙwan fitila ɗaure da waya da kuma ƙyasta kan batir don ya ga tartsatsi, ka san cewa canki-canka za a yi da kuɗinka.

Awon farko shi ne na bolt, wato ƙarfin turin wuta, wanda ake nunawa da harafin V a jikin mitar. A bar motar ta huta wasu awoyi a kashe, sannan a ɗora jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙar a kan mai alamar ɗebewa. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6. Idan ya nuna 12.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Idan 12.2 ne, rabi ya tafi. Daga 12.0 zuwa ƙasa kuwa, kusan fanko ne. Tazarar tana da ƙanƙanta a ido, shi ya sa mutum zai ga 12.1 ya ce ai sha biyu ta cika, alhali batirin yana gab da faɗuwa.

Sai a sa wani ya tayar da motar ana kallon mitar. A daidai lokacin da kik ke juyawa lambar za ta faɗi, wannan ba laifi ba ne, amma bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba idan batirin a cike yake. Da injin ya kama, lambar ta tashi zuwa tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta na mayar da abin da aka ci. A kunna AC da manyan fitilu a sake dubawa. Idan ta tsaya a sha biyu da ɗoriya, to randar ba a cika ta ake yi ba, sai a duba altanetar da bel ɗinta da wayoyinta. Wasu sababbin motoci suna rage caji da gangan a wasu lokuta don tanadin mai, saboda haka lambar tasu takan yi hawa da sauka.

A nan ya kamata a ja kunne kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire kan batir injin na aiki, wai don a ga ko motar za ta mutu. A zamanin Fijo 504 ana yin haka a kwana lafiya, domin babu kwamfutar da za ta ƙone a cikinta. Motar yau cike take da ƙananan kwamfutoci, kuma batirin ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke yi. Cire shi a wannan hali na iya ƙona ƙwaƙwalwar injin, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa. Mita tana ba da amsar wannan tambaya cikin daƙiƙa goma ba tare da kasada ba.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar mita ko kaɗan, sai haƙuri. A kai batirin wurin masu caji a cika shi sosai, a mayar da shi cikin motar, a cire kan mai alamar ɗebewa, a bar shi haka na tsawon kwanakin da ya saba mutuwa a cikinsu. Idan aka mayar da kan motar ta tashi garau, batirin ya kuɓuta, ɓarawon yana cikin motar. Idan kuwa ya mutu duk da babu abin da ke haɗe da shi, to shi ne ya tsage. Zafi ne babban abokin gabar batir, ya fi sanyi yi masa illa a ƙasarmu. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura maki 35, ga kuma zafin inji a ƙarƙashin bonet, batirin da ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi abin da ake tsammani daga gare shi.

Lissafin da ke bayyana komai

Babu motar zamani da ke barci gaba ɗaya. Agogo na tafiya, rediyo na riƙe tashoshinta, na'urar ƙararrawa na gadi, mai karɓar saƙon rimot na sauraro. Dukkansu suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, kuma an ƙera motar da sanin haka. Ana auna wannan tsotso da amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ne miliamfiya. Ƙa'idar da masu gyara suka fi aiki da ita ita ce kada abin da mota ke ja tana barci ya wuce miliamfiya 50. Manyan motoci masu tarin na'urori sukan ɗan haura haka kaɗan.

Lambar da ke jikin batir, wadda masu sayarwa ke kira 62 ko 75 ko 100, ita ce girman randar. Batir mai lamba 62 yana iya ba da amfiya ɗaya na kimanin awa 62 kafin ya ƙare ƙarƙaf. Amma mota ba ta jira ya ƙare. Da ya sauka wajen rabi, musamman idan ya kwana biyu a duniya, kik ya fara nauyi. Motar da ke jan miliamfiya 50 tana cin 1.2 a cikin wannan 62 a kowace rana, don haka za ta iya yin mako uku ko fiye ta tashi. Yanzu a ɗauki ɗan ƙwan fitilar but, mai wat biyar, wanda ya ƙi mutuwa bayan an rufe murfin. Yana jan kusan miliamfiya 400, wato 10 a cikin 62 kowace rana. Kwana uku, rabin batirin ya tafi. Wanda ke hawa motarsa kullum ba zai taɓa lura ba. Wanda ya ajiye ta ranar Lahadi da yamma ya zo ranar Asabar zai kai iyali kasuwar Wuse, shi ne zai nemi masu turi.

Abin da ya fi ciwo shi ne, batirin mota ba a yi shi don ya riƙa ƙarewa ƙarƙaf ba. Duk lokacin da ya faɗi ya kwana a haka, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, kuma ba duka ke narkewa ba idan an sake caji. Bayan faɗuwa huɗu ko biyar, sabon batir ya zama tsoho da gaske. Shi ya sa idan ka mayar wa mai shago ya auna ya ce ya lalace, ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai faɗa maka ba, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne motarka ce ta kashe shi, kuma za ta kashe na gaba.

Yadda ake kama ɓarawon

Rewayan da ya warware mini tawa matsalar a Apo dattijo ne marar yawan magana. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ya ce in nemi wuri in zauna, aikin zai ci awa guda kuma yawancinsa jira ne. Ya kashe motar, ya zare makulli ya kai shi can cikin shago, domin motocin da ake tayarwa da maɓalli suna farkawa idan suka ji rimot a kusa. Ya buɗe ƙofar direba, ya tura harshen makullin ƙofar da sukundireba har ya yi ƙas, don motar ta ɗauka a rufe take alhali yana iya kaiwa ga akwatin fiyus. Sannan ya mayar da jar wayar mitar ramin da aka rubuta 10A, ya kwance kan batir mai alamar ɗebewa, ya sa mitar a tsakani: waya ɗaya a kan batirin, ɗaya a kan wayar da ya cire. Ta haka duk wutar da motar ke ja sai ta bi ta cikin mitar.

Da mai alamar ɗebewa ake farawa kullum, domin shi ne ke haɗe da jikin mota. Idan sifana ta taɓa ƙarfe ana kwance shi, babu abin da zai faru. Idan da ɗayan aka fara, sifanar ta taɓa jiki, tartsatsin da zai tashi na iya ƙona hannu, ga shi batir na fitar da iska mai kama wuta. A cire zobe da agogon ƙarfe, kada a sha taba a wurin. Kuma muddin mitar na tsakani, kada a kuskura a tayar da mota ko a kunna manyan fitilu, domin kik na jan amfiya fiye da ɗari, mitar kuwa goma ce iyakarta. Wasu rediyoyin, kamar na tsofaffin Honda, suna neman lambar sirri bayan an cire batir, sai a tabbatar ana da ita tukuna.

Da farko mitar ta nuna fiye da amfiya biyu. Na zabura, shi ko a jikinsa. Kwamfutocin mota ba sa barci lokaci guda. Wasu minti biyar, wasu rabin awa, wasu manyan motocin har kusan awa. Wanda ya yi gaggawar yanke hukunci a mintin farko zai kama marar laifi. Muka zauna muna kallon lambar tana sauka mataki-mataki, har ta tsaya cak a 0.45, ta ƙi motsi. Wato miliamfiya 450, ninki tara na abin da ya kamata.

Daga nan sai zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, ana kallon mitar. Wanda aka zare lambar ba ta motsa ba, a mayar da shi raminsa kafin a taɓa na gaba; ɗaukar hoton akwatin da waya kafin a fara yana hana rikicewa. Yawancin motoci suna da akwati biyu, ɗaya a wurin inji, ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wasu har da na uku a but. A sababbin motoci mayar da fiyus na iya tayar da kwamfutar da ta yi barci, a koma jira daga farko. Saboda haka ƙwararru sukan bar fiyus ɗin a wurinsa, su juya mitar zuwa awon milibolt, su taɓa 'yan ƙarafa biyun da ke leƙowa a bayan kowane fiyus. Wanda wuta ke bi ta cikinsa zai nuna 'yar lamba, wanda ke hutawa zai nuna sifili.

A tawa motar, fiyus na goma sha wani abu da ya zare, lambar ta faɗo 0.03. Na rediyo ne. Sai a lokacin na tuna cewa 'yan makonni kafin mutuwar batirin farko na sa an cire rediyon asali an sa mini mai babban allo da kyamarar baya. Irin waɗannan rediyoyi suna da wayar wuta biyu: rawaya, wadda ke samun wuta kullum don riƙe agogo da tashoshi, da ja, wadda ya kamata ta samu wuta sai an murɗa makulli. Yaron da ya haɗa mini ya murɗe su wuri guda ya ɗora a kan wutar dindindin. Allon yana duhu idan na danna maɓalli, amma cikinsa a farke yake dare da rana. Gyaran bai kai minti goma sha biyar ba, kuma abin da na biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir guda ba.

Fiyus yana nuna unguwar da ɓarawon yake ne kawai, ba ya nuna gidan. Fiyus ɗaya na iya ciyar da fitilar ciki da ta but da madubin gefe da makullin ƙofofi, sai an bi su ɗaya-ɗaya ana cire soket. Amma akwai waɗanda suka saba aikata laifin, kuma da su ake farawa. Na gaba-gaba shi ne duk abin da ba kamfani ne ya sa shi ba: na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, amfilifaya da manyan lasifika, kyamarar gaban gilashi, har da wayoyin da ake ƙarawa idan an mayar da mota mai amfani da gas. Motocin ayarin manya sun fi kowa wannan ciwo, domin jiniya da fitilun walƙiya da rediyon oba-oba galibi kai tsaye ake ɗaura su a kan batir, ba su bi ta akwatin fiyus ba ma. Irin waɗannan ko an zare fiyus duka ba za a gan su ba, sai an duba ƙananan wayoyin da aka saƙala a kan batirin.

Sai fitilun da ba a ganinsu idan an rufe, na but da na aljihun gaban fasinja. Gwajinsu da sauƙi: ka kunna ɗaukar bidiyo a wayarka, ka ajiye ta a ciki, ka rufe, ka buɗe ka kalla. Akwai cajar waya da ake bari a soket, domin a wasu motocin soket ɗin ba ya mutuwa da makulli. Akwai rile da ke maƙalewa a kunne. Na kwamfresar AC a wasu Honda Accord da CR-V ya yi suna a kan haka, kuma akan gane shi da ɗumi idan aka taɓa bayan motar ta daɗe a kashe. Akwai kuma ruwa. Motar da ruwan damina ke shiga ta rufi ko ta ƙasan gilashi, ko wadda ambaliya ta taɓa shanyewa a Amurka kafin a yi gwanjonta a kawo ta nan, takan samu tsatsa a soket-soket da ke hana wata kwamfuta barci.

Idan an zare fiyus duka lambar ba ta sauka ba, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: altanetar ce da kanta. A cikinta akwai wasu 'yan ƙofofi da ke barin wuta ta fita zuwa batir, su hana ta komowa. Idan ɗaya ta lalace, altanetar za ta riƙa caji da rana kamar lafiyayya, da dare kuma ta zuƙe abin da ta bayar. Ana tabbatarwa ta hanyar kwance babbar wayar da ke bayanta, bayan an cire kan batir, sannan a sake awo. Kada a manta da saman batirin kansa ma. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin ruwan batir takan zama siririyar hanya tsakanin kawunan biyu. Tsumma da ruwan da aka jiƙa 'yar kanwa ko bakin hoda a ciki sun isa, a kula kada ya shiga ramukan.

Wani lokacin laifin yakan zo ya tafi, a auna yau a ga komai daidai, jibi batir ya mutu. Wannan shi ne mai wahalar kamawa, kuma a nan mai mota ya fi rewaya amfani. Ka lura da ranakun da abin ke faruwa: bayan ruwan sama ne, ko bayan an wanke inji, ko sai ranar da ka kulle da makulli maimakon rimot, ko ranar da rimot ya kwana a kan tagar da ke kusa da motar.

Abin da ba na yarda da shi ba shi ne maganin da wasu ke bayarwa na sa makunni a kan batir, a riƙa kashewa kowane dare. Ga motar da za a bari wata guda, a tafi aikin Hajji ko kwas a Kuru, cire kan batir dabara ce mai kyau, haka ma ɗan faifan sola da ake ajiyewa a gaban gilashi idan motar a rana take. Amma ga motar da ke jan rabin amfiya, wannan rufe ciwo ne da tsumma. Wayar da ta goge tana taɓa jiki ba ta daina gogewa don an kashe makunni, kuma irinta ce ke tayar da gobara. Haka nan duk wanda ya ce zai maye fiyus da ya ƙone da zaren waya ko takardar sigari, a karɓi makulli a bar wurin.

Dumama mota minti goma kowace safiya, wanda direbobin gidaje da yawa suka ɗauka farilla, shi ma ba ya cika batirin da ya faɗi. Altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan inji na tsaye yana zaman banza, balle a cunkoson Nyanya da AC da fitilu a kunne. Batirin da aka tayar da wayar jona yana buƙatar awoyi a kan na'urar caji, a hankali, kafin ya dawo hayyacinsa. Nawa na biyun da aka ce jabu ne, da yake ban bar wa mai shagon shi ba, dattijon ya sa aka yi masa caji na kwana guda. Bai koma yadda yake ba, faɗuwar da ya sha ta riga ta ci rabonta, amma har yanzu shi ke riƙe fitilu biyu da fanka a shagon ƙanena idan an ɗauke wuta.